Garken da Ya Ƙi Rabuwa

A Punta Arenas iska ba ta sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa take shigowa ta zauna.
Evaristo Barría ya ƙara itace a murhu,
ya jawo littafin ƙidayar tumaki
wanda ya shekara arba'in yana cikawa
a gandun wani, da fensirin kansa.
Tumakin sun tafi. Fensirin na nan.

Jikarsa Yasna ce ta bar masa aikin
ranar da za ta koma karatu Santiago.
A bayan takardar kuɗin wuta ta rubuta:
biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai,
da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku,
da ɗari shida da arba'in da bakwai.
"Kaka, ga garke. Raba mini shi shinge-shinge,
kowane shinge daidai da ɗan'uwansa."

Ya yi dariya har da tari.
Shi da ya raba dubu tara cikin dusar ƙanƙara
da kare ɗaya mai ɗingishi?

Ya kafa shinge biyu, tunkiya ɗaya ta tsaya waje.
Ya kafa uku, ita dai, tana tuƙa.
Biyar, suka zama biyu.
Bakwai, ta dawo ita kaɗai, ta zuba masa ido.
Goma sha uku, goma cif suka ƙi shiga.
Shayi ya huce, fitilun jiragen ruwa suka wuce,
bai ɗaga kai ba.

Ran Lahadi ta kira shi a waya.
"Irinta gagara-rabo ce, Kaka,
ba ta durƙusa wa kowa sai ɗaya, sai ita kanta.
Ɗauki tunkiya guda ka ninka,
ka ninka ninkin, sau talatin da ɗaya,
ka yanka guda don baƙi. Abin da ya saura, ita ce."

Ya ce, "Talatin da ɗayan ma ai ba ta rabuwa."
Ta ce, "Ninki biyar ce ita ma, aka cire mata guda."
Ya ce, "To, gado ne.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta ce a harshen na'ura, inda babu sai ɗaya da sifiri,
turaku talatin da ɗaya ce a jere,
ba giɓi, ba inda dila zai kutsa.
Ta ce a raba ta huɗu, uku ke saura,
don haka ba za ta taɓa cika filaye biyu
masu tsawo daidai da faɗi ba.

"Tana da 'yar tagwai?"
Shiru, sai ƙarar layi.
"Wasu na da ita, taku biyu tsakaninsu.
Wannan, ka matsa biyu baya, biyar ta cinye,
ka matsa biyu gaba, uku ta cinye."
Ya dubi kujerar Orfelina,
da zaren ulun da ta bari rabin safa.
Ya ce, "Na gane."

Ta ce ya huta, an daɗe da tabbatar da ita.
Ya ce wanda bai taɓa ƙirga dabba ba
shi ke karɓar ƙidayar wani.
"Ina iyakar shingen?"
"Dubu arba'in da shida da ɗari uku da arba'in.
In ka kai nan ba ta rabu ba, ba mai raba ta."

Yanzu watan Agusta ne, dare ya fi rana tsawo.
Ya wuce ɗari tara, fensirin ya kai tsawon ɗan yatsa.
Kowane dare akwai saura a bakin shinge,
wani sa'in ɗaya, wani sa'in ɗari biyu,
tsaye cikin iska, ulu na kaɗawa.
Ya daina jin haushinsu.
Yakan bar musu ƙofa a buɗe
kafin ya kashe fitila.